Hari Ko Tsaron Gida: Darasin Da Ɗan Zariya Ya Koya Kafin Ya Ɗaga Kofin NBA

A watan Yuni, lokacin da ruwa ya zauna a Funtuwa da Malumfashi, kowa ya duƙufa shuka da noman farko, a lokacin ne ake rufe kakar ƙwallon kwando ta Amurka. Wasannin ƙarshe na gasar NBA sukan fara wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare agogon Najeriya, su ƙare daf da kiran assalatu. Mutumin da zai sammako gona ba zai sayar da barcinsa a kan wannan ba, shi ya sa masu bibiyar wasan a yankin nan 'yan tsiraru ne, akasari ɗalibai da samarin da ke kallon gutsattsarin bidiyo a waya. Gidajen kallo kuwa na ƙwallon ƙafa ne.

Sai dai gardamar da ta fi zafi a ƙwallon kwando ba baƙuwa ba ce ga duk mai zama a majalisar 'yan ƙwallo: idan aka zo wasannin fitar da gwani, me ke kawo kofi, iya zura ƙwallo ko iya hana abokin karawa ya zura? Kuma ɗaya daga cikin mutanen da suka amsa wannan tambaya a aikace, a gaban duniya, a nan maƙwabta ya tashi, a Zariya, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba daga Funtuwa.

Wasa biyu a cikin kaka ɗaya

Kafin a kai ga labarinsa, ya kamata a fahimci abin da ya sa ake wannan gardama tun farko. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, kowacce tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. A wannan dogon zango yau kana wannan gari, jibi kana wancan, babu wanda ke da lokacin zama ya yi maka karatun ta-natsu. Ƙungiya mai gudu da yawan jifa takan kwashi nasarori a kan gajiyayyu.

Daga tsakiyar Afrilu sai labari ya canja. Ƙungiyoyi 16 ke shiga zagayen fitar da gwani, kuma kowace karawa sai wanda ya fara cin wasa huɗu daga cikin bakwai. Wato ƙungiya ɗaya za ka yi ta fuskanta har tsawon mako biyu. Masu horarwa sukan kwana a kan bidiyo. Sun san hannun da tauraronka ya fi so, sun san kusurwar da yake jifa, sun san alamar da kocinka ke yi da yatsu. Kafin wasa na uku dabararka ta farko ta mutu. Gudu yakan ragu, 'yan benci su koma 'yan kallo, mutum bakwai ko takwas su ɗauki nauyin minti 48.

A nan ne ake farautar raggo. Idan a cikin mutum biyar ɗinka akwai wanda ƙafarsa ba ta da sauri, abokan karawa za su sa wanda yake gadi ya je ya tokare mai tsaron tauraronsu da jikinsa. Dole a yi musanya nan take, sai raggon ya tsinci kansa shi kaɗai a gaban tauraro, saura daƙiƙa 10 a agogo, sauran mutum huɗun sun ja gefe. Za a maimaita masa wannan sau goma, sau ashirin, har sai kocinsa ya fitar da shi, ko da kuwa shi ne gwanin jifan ƙungiyar.

Masai Ujiri da kaye biyu

An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi Najeriya yana ƙarami, ya girma a Zariya. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar kowane yaro, sai yana ɗan shekara 13 ya koma ƙwallon kwando. Ya sha ambaton Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan da ake kira OBJ, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello, a matsayin wanda ya ɗora shi a hanya. Bai taɓa buga wasa a NBA ba. Ta ƙofar farautar 'yan wasa ya shiga, har ya zama manajan Denver Nuggets a 2010.

A kakar 2012 zuwa 2013 Denver ɗinsa ta fi kowace ƙungiya yawan maki. Ta ci wasa 57, a gida kuwa sau 3 kacal aka doke ta a wasa 41. Aka ba shi kyautar gwarzon manaja, kocinsa George Karl ya zama gwarzon koci. Da aka shiga fitar da gwani, a zagayen farko Golden State ta kore su da ci 4 da 2. An rufe musu hanyar gudu, ba su kuma da maganin Stephen Curry.

Ya koma Toronto Raptors ta Kanada a wannan shekara, ya gina ƙungiya mai kyau. A 2018 ta ci wasa 59, ta zo ta ɗaya a shiyyar gabas, kuma a lissafin kaka tana sahun gaba a hari da tsaro baki ɗaya. Sai ga LeBron James da Cleveland sun share ta 4 da 0. Wannan kaye ya fi na Denver ciwo, domin a takarda babu abin da Toronto ta rasa. A fili ne aka ga giɓin: babu mutum guda da zai tsaya a gaban LeBron, babu kuma wanda zai samo maki da ƙarfin kansa idan aka toshe kowace ƙofa.

Abin da ya yi bayan nan ya jawo masa baƙin jini. Ya sallami koci Dwane Casey, wanda a shekarar aka zaɓa gwarzon koci, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse. A watan Yulin 2018 ya ba da DeMar DeRozan, ɗan lelen birnin kuma wanda ya fi kowa zura maki a tarihin ƙungiyar, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio. Kawhi ya lashe kyautar gwarzon mai tsaro a 2015 da 2016, amma wasa 9 kawai ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Tare da shi Danny Green ya zo. A Fabrairun 2019 aka ƙaro Marc Gasol, gwarzon mai tsaro na 2013. Ga Pascal Siakam ɗan Kamaru, ga Serge Ibaka haifaffen Kongo, ga Kyle Lowry. Duk wanda ka duba a cikinsu zai iya riƙe mutuminsa. Babu wanda za a yi farauta.

A karawar shiyya da Milwaukee, Toronto ta sha kashi a wasa biyun farko. Daga wasa na uku aka ɗora Kawhi a kan Giannis Antetokounmpo, ɗan asalin Najeriya haifaffen Girka kuma gwarzon kakar, sauran suka yi masa katanga a ƙarƙashin kwando. Toronto ta ci huɗu a jere. A wasan ƙarshe ta doke Golden State 4 da 2, ta ɗaga kofi ranar 13 ga Yunin 2019. Adalci ne a faɗi cewa Kevin Durant da Klay Thompson sun ji munanan raunuka a wannan karawa, kuma hakan ya sauƙaƙa wa Toronto.

Mai son tsaro zai ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Kafin Milwaukee akwai Philadelphia, wasa na bakwai, maki 90 da 90, saura daƙiƙa huɗu da 'yan kai. Kawhi ya karɓi ƙwallo a sama, ya ja ta dama yana gudu, Joel Embiid mai tsawon ƙafa bakwai yana biye da shi har kusurwa. Ya yi tsalle yana faɗuwa baya, ya cilla ta sama da hannun Embiid. Ƙaho ya busa ƙwallo tana iska. Ta bugi baki, ta tashi, ta sake bugawa, ta tsallaka ɗaya gefen, sau huɗu, shi kuwa yana tsugune a wajen layi yana kallo, sannan ta faɗa. Da ba ta shiga ba, sai ƙarin lokaci, kuma Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. A wasannin fitar da gwani na wannan shekara Kawhi ya tara maki 732. Masai bai sayo mai gadi kawai ba, mutumin da ke aiki biyu ya sayo.

Hujjar masu tsaro

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce jifa yana da ranarsa. Manomin Ɗandume ko Ƙafur zai gane wannan da wuri: yabanya tana hannun damina, bana ta yi kyau baɗi ta ƙi, amma gyaran rumbu da kare hatsi daga gara da ƙwari suna hannunsa kowace shekara. Sai dai shi ma ya san rumbun da ba a zuba masa komai ba ba ya ciyar da gida.

Houston ta 2018 ta ci wasa 65 da jifa mai maki uku. A wasa na bakwai da Golden State, a gidanta, ta jefa irin wannan ƙwallo sau 27 a jere babu ko ɗaya da ta shiga, aka fitar da ita. Phoenix ta Steve Nash da koci Mike D'Antoni ta ƙayatar da duniya daga 2005 zuwa 2007, ba ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe ba. A ɗaya gefen ga Detroit ta 2004, wadda ba ta da wani babban tauraron zura maki. Ta gamu da Los Angeles Lakers mai Shaquille O'Neal da Kobe Bryant da Karl Malone da Gary Payton, ta lallasa ta 4 da 1. A wasa na uku maki 68 kawai Ben Wallace da abokansa suka bari Lakers ta samu.

Mu ma mun ɗanɗana. A watan Yulin 2021, a wasan share fage a Las Vegas, D'Tigers, tawagar Najeriya ta maza, ƙarƙashin koci Mike Brown ta doke Amurka 90 da 87, bayan ta zura jifa mai maki uku har 20. Wanda ya tuna cin 156 da 73 da Amurka ta yi mana a Landan a 2012 ya san irin farin cikin da aka yi. Makonni kaɗan bayan nan aka je gasar Olamfik ta Tokyo, Ostireliya da Jamus da Italiya suka doke mu ɗaya bayan ɗaya. Hannun da ya yi zafi a Las Vegas bai biyo mu Japan ba.

Har ƙungiyoyin da aka sani da hari, idan aka tona, tsaro ne ƙashin bayansu. Golden State da ta ɗauki kofin 2015 ita ce ta ɗaya a tsaro a kakar, kuma Andre Iguodala, wanda aka ɗora wa gadin LeBron, shi aka ba gwarzon wasan ƙarshe, ba Curry ba. Oklahoma City ta 2025 ta ci wasa 68 da tsaron da ya fi na kowa, a wasa na bakwai kuma ta sa Indiana ta zubar da ƙwallo fiye da sau 20, aka tashi 103 da 91.

Inda tsaro ya gaza

Amma akwai Rudy Gobert. Bafaranshen nan ya lashe kyautar gwarzon mai tsaro sau huɗu. A 2021 Utah ɗinsa ta fi kowa nasara a kaka. Los Angeles Clippers ta fitar da dogayenta, ta zuba 'yan wasa biyar masu jifa daga nesa. Idan Gobert ya tsaya ƙarƙashin kwando, mutuminsa na jifa a sake. Idan ya fita, kwando ya zama babu mai gadi. A wasa na shida Utah tana gaba da maki 25, aka zo aka wuce ta, wani matashi Terance Mann ya zuba maki 39. Memphis ta su Gasol da Tony Allen ma ta yi shekaru tana shaƙe ƙungiyoyi, amma da ta kai wasan shiyya a 2013 San Antonio ta share ta 4 da 0, saboda ba ta da masu jifa.

Denver ta 2023 kuwa tsaronta a tsakiyar tebur yake a kaka, basirar Nikola Jokic wajen rarraba ƙwallo ce ta kai ta. Duk da haka, a daren da ta ɗauki kofi, jifa 5 kawai ta zura cikin 28 daga nesa. Ta ci Miami 94 da 89 ne domin ta hana ta numfashi. Ko Oklahoma mai tsaron nan, Shai Gilgeous-Alexander ne jagoranta, wanda ya fi kowa maki a kakar.

Wasa na bakwai na karawar ƙarshe ta 2016, tsakanin Cleveland da Golden State, ya haɗa duka biyun cikin minti biyu. Ana 89 da 89, Iguodala ya taho zai ajiye ƙwallo, LeBron ya biyo shi daga baya ya manna ta a allo. Saura daƙiƙa 53 Kyrie Irving ya jefa mai maki uku a fuskar Curry. Cire ɗaya daga cikinsu, Cleveland ba ta da kofi.

Yatsun Hakeem

Babu wanda ya tara wannan aiki biyu a jiki ɗaya kamar Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya fara da tsaron raga a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa ƙwallon kwando. Har yanzu shi ke riƙe da tarihin tare ƙwallo a NBA, sau 3,830. A 1994 ya haɗa gwarzon kaka da gwarzon mai tsaro da gwarzon wasan ƙarshe a shekara guda.

Karawar ƙarshe tsakanin Houston ɗinsa da New York a wannan shekara wasa bakwai aka yi, babu ƙungiyar da ta kai maki 100 ko sau ɗaya. A wasa na shida New York na gaba 3 da 2, nasara ɗaya ta rage mata. Houston na da 86, New York 84, saura 'yan daƙiƙoƙi. John Starks na New York, wanda hannunsa ya yi zafi a zangon ƙarshe, ya karɓi ƙwallo. Abokin wasansa Patrick Ewing ya tokare mai tsaron Starks, Starks ya ja hagu ya tashi daga bayan layin maki uku. Idan ta shiga, kofi ya tafi New York. Hakeem ya saki Ewing, ya bi ɗan ƙaramin mutum mai sauri har waje, ya miƙa hannu, kan yatsunsa suka shafi ƙwallon. Ba ta kai kwando ba. Bayan kwana uku Houston ta ɗauki kofinta na farko. A wannan karawa Hakeem yana zuba kusan maki 27 a kowane wasa, ya kuma danne Ewing ƙasa da 19.

A Fabrairun 1995, watan da ya zo daidai da Ramadan, yana azumi yana wasa, aka zaɓe shi gwarzon wata a NBA. A Yunin shekarar ya sake ɗaga kofi bayan share Orlando ta Shaquille 4 da 0.

Matan da suka nuna hanya

A ganina, wanda ke son ganin abin da ya dace da mu, D'Tigress, tawagar Najeriya ta mata, zai duba. Sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere: 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025, na ƙarshen a Abidjan inda suka doke Mali 78 da 64. A gasar Olamfik ta Faransa a 2024, ƙarƙashin koci Rena Wakama, sun gamu da Ostireliya, ƙasar da ta fi su tsawo da gogewa da kuɗi. Suka matsa mata lamba tun daga layinta, suka sa ta zubar da ƙwallo sau 26, suka ci 75 da 62. Suka doke Kanada 79 da 70, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas a ƙwallon kwandon Olamfik. Amurka ce ta tsayar da su, 88 da 74, kuma a nan aka ga iyakar matsin lamba idan ka gamu da waɗanda kowaccensu ta iya zura ƙwallo.

Sun yi wannan ne duk da halin da wasan ke ciki a gida. Rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, wanda ya ɓarke a 2017, ya gurgunta gasar cikin gida na tsawon shekaru, har a 2022 gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin duniya na ɗan lokaci, matan suka rasa gurbinsu na gasar cin kofin duniya, aka ba Mali. Arewa ta fi jin jiki. Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama, har da na 2016 da 2017, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun kulob na Afirka a 2016. Amma da aka buɗe sabuwar gasar kulob-kulob na Afirka ta BAL a Kigali a 2021, Rivers Hoopers ce ta wakilci Najeriya, daga baya Kwara Falcons ma ta je.

Hukuncin da na yanke shi ne tsaro ya ɗan rinjaya, amma ba irin tsaron mutum ɗaya dogo da ke jiran ƙwallo a ƙarƙashin kwando ba. Tsaron mutum biyar ne da babu raggo a cikinsu. Shi ke kai ƙungiya minti biyar na ƙarshe tana numfashi ko da jifa ya ƙi, shi ke bin ta gidan abokin karawa. Daga nan kuma dole a samu mutum guda da zai samo maki bayan an gane duk dabarun koci. Tauraro irin wannan baiwa ce, ba kowace ƙungiya ke dace da shi ba. Tsaro kuwa koyarwa ake yi, kuma kayan aikinsa ƙafa ne da huhu da magana tsakanin 'yan wasa.

Wannan ya sa nake ganin yankinmu na da rabo a wasan nan. Yaran da suka tashi da fartanya a Bakori da Ɗanja da Faskari ba ƙarfi ko juriya suka rasa ba. Fili suka rasa da malami. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, kwando biyu a tsayin mita 3.05. Ko kusa bai kai filin ƙwallon ƙafa cin wuri ba, mutum goma sun isa wasa, kuma a harabar makarantar 'yan mata da ke da katanga ma zai zauna lafiya. Shugabannin ƙananan hukumomin Funtuwa da Malumfashi, da shugabannin makarantun sakandare, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da attajiran hatsi da auduga: a zuba siminti a makaranta ɗaya a kowane gari, a kafa kwanduna, a nemo masu horarwa daga Zariya da Kano su riƙa zuwa a ƙarshen mako, a kuma shirya gasar makarantu idan an gama kaka.